Gwangwanin Kaka, Daga Gwandu Zuwa Kalgo

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Birnin Kebbi, ni da yayana, ranar Talatar makon jiya. Ku da kuke ta aiko mini da saƙo kuna tambayar abin da ya same ni a Kalgo, ga shi zan rubuta sau ɗaya, don in na fara faɗa da baki har yanzu muryata rawa take. Wasu sun ce aljanu ne. Wasu sun ce wani abu na sha. Ku karanta har ƙarshe tukuna.

Yayata mace ce ta haihu a Kalgo, haihuwa ta biyu, kuma Innarmu tana can tana yi mata wankan jego. Kwana biyar da haihuwa ciki ya ƙi kwanta mata. Kumburi, iska, ko tuwo ba ta iya ci. To mu a gidanmu ba a daka yajin jego sai da nakwa.

Na san da yawanku ba ku san shi ba. Wasu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana, masu launin ƙasa-ƙasa da zane a jiki, ko ƙwayar gero ta fi su kauri. Larabawa ke ce masa nakwa, Indiyawa kuma ajwain. Kakarmu ta wajen uba, ta Gwandu, ita ta fara zuwa da shi daga Makka tun ba a haife ni ba, kuma daga nan duk wanda zai tafi aikin hajji a unguwarsu, ba ta ba shi saƙon zobe ko dabino, nakwa kawai. Ƙamshinsa kamar na tayim, amma ya ninka shi, har cikin kai yake hawa. A harshe kuma ɗaci da zafi. In za ta dafa wake sai ta soya ɗan kaɗan a mai ta zuba, ka ci ka ƙoshi ba kumburi. Tana sa shi a ƙullun ƙosai da alale da fanke. Wanda ciki ya murɗa, ta tafasa masa a ruwa. Mai mura, ta ƙulla a tsumma ta ɗumama a kasko ta ce ya yi ta shaƙa. Mai juna biyu ce kawai ba ta ba, sai ta sauka. Kuma tana da wata ɗabi'a da muka sha yi mata dariya a kai: ba ta zuba komai a tukunya sai ta murza a tafin hannu ta kai hanci. Mu ma in ta aike mu ɗauko abu, kafin mu miƙa sai ta ce, “Shinshina tukuna.” Ko gishiri ne.

Kaka ta rasu wata huɗu ke nan. Na zaga shagunan masu hulba da habbatus sauda a Birnin Kebbi, wani ma ya ce bai taɓa jin sunan ba. Sai Inna ta bugo waya ta ce akwai saura a ɗakin Kaka, gari ne wanda ta daka da hannunta, a cikin gwangwanin alewar Makka. Mu je Gwandu mu ɗauko, mu kai Kalgo kafin la'asar, don ranar ake dakan yaji.

Abu ɗaya da ya kamata ku riƙe: mura nake yi. Bazara ce, na sha ruwan ƙanƙara na kwana a gaban fanka, hancina ya toshe ruf. Ko turare aka fesa mini ba na ji.

A tasha muka samu ƙaramar mota, naira dubu biyu da ɗari biyar kowa, mutum huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba. Yayana ya shige gaba ya bar ni tsakanin wata mai kai wa 'yarta kayan ɗaki da wani dattijo da ya rungume rediyo kamar jariri. Muka bi ta Ambursa. Hanyar ba laifi sai wurare biyu uku da direba ke sauka daga kwalta gaba ɗaya ya bi gefe, ya ce gefen ya fi titin lafiya. Gonaki duk an share ana jiran ruwa, ƙasa ja fayau, sai shanun Fulani a ƙarƙashin gawo. Wajen ƙarfe takwas da rabi muka shiga Gwandu.

Rabona da garin tun addu'ar bakwai. Komai yana nan yadda na sani, masu fura a bakin tasha, 'yan kabu-kabu suna rige-rigen jakata, amma da muka karya kwanar gidanmu sai na ji gidan tsit. Da, tun daga zaure kake jin tarin Kaka. Tana da ciwon fuka, tarinta shi ne sallamar gidan.

Matar Baffana ce ta tarbe mu. Ta kawo mana shinkafa da wake da mai da yaji, muka ci har na yi nauyi. Sannan ta kwance ɗan makulli daga bakin zaninta ta miƙo mini da hannu a miƙe, kamar mai ba da wuta.

“Ɗakin ga ba a buɗe shi ba tun da anka yi arba'in,” in ji ta. “Ba a raba gado ba, Baffanki ya ce ko tsinke kar a taɓa. Amma nakwa ita da bakinta ta ce na jikokinta na. Shiga ki ɗauko maza kahin ya dawo. Ni dai ba ni shiga.”

Na kalli yayana. Ya ce shi ɗakin mata ba huruminsa ba ne, ya ciro waya ya fara dannawa. Jarumin gidanmu ke nan.

Ɗakin ba taga sai wata 'yar kafa can sama. Da na tura ƙofa haske ya faɗa kan takalmanta, a jere a bakin gado, kamar yanzu ta cire ta hau. Carbinta a ƙusa. Katifar har yanzu da lotsawar jikinta. A ƙasa ga ɗan kaskon da take zuba garwashi, da tokarsa. Na yi sallama, ban san wa nake yi wa ba. Na yi taku uku, kafaɗata ta bugi wata taskira da ke rataye a igiya, ta hau lilo. Ina cikin laluben gwangwani da ido, sai agogon bangon nan nata na Makka, mai kiran salla, ya tashi. Ƙarfe tara na safe. Batirinsa ya kusa mutuwa, muryar ta fito a hankali, a jaye, kamar ana kiran salla daga cikin rijiya.

Wallahi ban san sanda na yi tsalle ba. Na hango gwangwanin alewa kore a gefen matashin kai, na fizge shi na fito da gudu har na bar ƙofa a buɗe. A tsakar gida na buɗe murfin, na ga gari mai launin ƙasa, na rufe. Matar Baffa ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce in sa a jaka.

Yayana ya ce mu bi ta Jega, don ya sayi albasa a Aliero da busasshen kifi na hidimar suna. Muka hau wata motar. Ba mu yi nisa da Gwandu ba waken nan ya fara aikinsa, ga zafi, ga warin fetur, cikina ya cika tam. Sai na tuna ai maganin yana kan cinyata. Na buɗe, na dangwala da yatsa na lasa, sau biyu, na kora da ruwan leda. Na ji ɗaci, amma ban ji zafin nan da na sani ba. Na ce a raina garin ya kwana biyu, ƙarfinsa ya tafi. Na ƙara na uku.

Kafin mu hau babban titin Sakkwato bakina ya bushe. Ba irin bushewar ƙishi ba, kamar an goge mini harshe da tsumma. Na shanye ruwa leda biyu, ba yawu ko ɗigo. Sai rana ta fara yi mini yawa. Komai fari ƙal, ko hannuna na duba ba na ganin zanen tafin, zuciyata kuma tana bugu har cikin kunne.

A Aliero muka tsaya. Wanda bai taɓa ganin Aliero a lokacin albasa ba, bai ga albasa ba: tsibi-tsibi a bakin titi, buhuna a jere kamar katanga, manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Yayana ya sauka yana ciniki, ina jin sa yana rantsuwa cewa a Birnin Kebbi ma an fi sauƙi, ƙarya yake. Ni kuwa ina kallo ta gilashi. Can bayan buhunan, nesa, sai na ga wata tsohuwa a tsaye da shuɗin mayafi. Ba ta saye, ba ta sayarwa. Motarmu take kallo. Ta haɗa tafukan hannunta tana murzawa a hankali, sannan ta kai hanci.

Na rufe ido na karanta duk abin da na iya. Da na buɗe, ba ta nan.

Daga Aliero zuwa Jega na gan ta sau uku. A gindin wata bishiyar darbejiya. A kan wata gada. A tsakiyar wasu mata masu ɗauke da itace, ita kaɗai ba kaya a kanta. Mota tana gudu, amma duk inda muka kai ta riga mu, kuma kowane karo ta fi matsowa bakin kwalta. Na so in kira yayana, harshena ya ƙi juyawa. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni me nake tsinta a jikin zanina. Ashe tun ɗazu ina ta tsintar ƙwayoyin nakwa ɗaya-ɗaya ina tarawa a hannu, alhali babu komai.

Jega ban riƙe abu da yawa ba. Hayaniya, masu kifi suna turo tire ta taga, wani yana kiran Kalgo Birnin Kebbi saura mutum uku. Yayana ya riƙe hannuna ya ce jikina zafi kamar tukunya, ya ce zazzaɓin murar nan ne, mu ƙarasa Inna ta san abin yi. Ya buɗe mini ƙofar baya ta motar Kalgo.

Tsohuwar nan tana ciki. A zaune a jikin ɗaya ƙofar, hannuwa a cinya, ta matsa mini wuri.

Ban yi ihu ba, kuma har yau ban san dalili ba. Na zauna. Ina jin ƙashin kafaɗarta a tawa, ina jin numfashinta mai ƙugi irin na masu fuka. Ba ta dube ni ba. Gwangwanin da ke cikin jakata take kallo, kamar jakar ba ta rufe shi ba. Tun daga Jega har Kalgo abu ɗaya take yi, ta murza tafin hannu, ta kai hanci, ta girgiza kai. Da muka kusa, ta ɗora hannunta a kafaɗata ta dama, ta matso bakinta kunnena ta faɗi kalmomin nan biyu nata. A nan ne, cikin duk wannan ruɗewa, abu ɗaya ya tsaya mini cak a kai: abin da na lasa ba nakwa ba ne, kuma shi za a ba mai jego.

Abin da ya faru a gidan yayata, rabi na tuna, rabi faɗa mini aka yi.

Mun tarar da tsakar gida cike da mata dangin mijinta, turmi uku ana dakan yaji. Barkono ya tashi, kowa ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ana atishawa ana dariya. A wurin nan ko mushe aka ajiye ba mai jin wari. Ina shiga na zube. Inna ta fito da gudu ta rungume ni, mata suka zagaye mu. Yayana kuwa, don ya sauke nauyin da aka ɗora masa, ya zaro gwangwanin daga jakata ya miƙa wa uwar mijin yayata ya ce ga saƙon Gwandu. Ita ba ta san nakwa ba, labarinsa kawai take ji wurin Inna. Ta juye kusan rabi a babban turmi. Sannan, don tausayin surukarta da ta kwana tana juyi, ta ɗebi cokali guda ta kaɗa a kwanon kunun kanwa ta aika mata ɗaki.

Duk ina gani. Ina ganin kwanon yana wucewa ta kan kawunan mata. Ina so in ce guba ce, bakina ba ya fitar da komai sai iska. Na fizge na rarrafa wajen turmin, suka danne ni. Na ji wata tana cewa, “Wagga ɗiya ɗakin mamaciya ta shiga, ku kira malam.” Wata ta ce a kawo tazargade. Wata ta fara tofa mini ayatul kursiyyu a fuska. Idanuna, in ji su, sun zama baƙi gaba ɗaya, kamar na mage a duhu.

Sai na yi magana. Ni ban tuna ba. Mata fiye da goma suka ce sun ji, kuma suka ce ba muryata ba ce, murya ce ta tsohuwa, da ƙugin ƙirji a ciki.

“Shinshina tukuna.”

Inna ta yi shekara goma sha ɗaya a gidan Gwandu tana girki a ƙarƙashin idon Kaka. Ta ce ba tunani ta yi ba, jikinta ne kawai ya bi umarni yadda ya saba. Ta sake ni, ta ɗauki gwangwanin, ta fita zaure inda barkono bai kai ba, ta zuba a tafin hannu ta murza ta kai hanci. Babu nakwa ko kaɗan. Abin da ta ji shi ne warin kaskon Kaka. Garin zaƙami ne, wanda tsohuwar ke barbaɗawa a garwashi ta shaƙi hayaƙin in fuka ta taso mata, shi ya sa yake zaune kusa da matashinta. Gwangwanayen alewar biyu ne, iri ɗaya.

Suka ce Inna ta ratsa tsakar gidan nan ba ɗankwali, ta yi ciki. Ta tarar da yayata ta ɗora jariri a nono da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da ludayi, tana hura kunun don ya yi zafi da yawa. Inna ta buge kwanon har bango. Ko kurɓa ɗaya ba ta kai ga yi ba. Zafin kunu ne kawai ya tsaya tsakaninta da shi.

Ni aka wuce da ni asibiti, na kwana biyu ana ƙara mini ruwa. Likitan ya ce duk abin da na gani aikin zaƙami ne: bushewar baki, buɗewar ido, tsince-tsince, ganin mutanen da ba sa nan. Ya ce yatsa uku na lasa na zama haka, in kwatanta cokali guda a jikin macen da ta haihu kwana biyar, ga jariri yana shan nononta. Ya kuma ce ko don fuka kada wanda ya kusanci abin nan, akwai magani a asibiti. Yajin turmi guda aka haƙa rami aka binne, don kar kaji su ci. Turmin ma uwar mijin ta sa aka faskara.

Ranar suna matar Baffa ta zo daga Gwandu da ɗayan gwangwanin. Ta ce ta yi ta maza ta shiga, ta same shi a cikin taskirar da ke rataye. Da Inna ta buɗe murfin, ni da ke kwance a ƙuryar ɗaki da toshasshen hanci sai da na ji shi. Aka tafasa wa yayata rabin ƙaramin cokali, zuwa yamma ta yi gyatsa ta nemi tuwo. Yaro ya ci sunan Baffa.

Washegari muka dawo Birnin Kebbi, har da Inna da ta ce sai ta rako ni, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, na yi ta da ido a rufe. A hanya na tambayi yayana wace ce ta zauna kusa da ni daga Jega. Ya ce ba kowa. Direba bai samu cikon mutum na huɗu ba, buhun albasarmu ta Aliero ne a wurin.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Nakwa abu ne mai kyau, zan ci gaba da sa shi a wake, kuma in na samu mai zuwa Makka zan ba da saƙo kamar yadda Kaka ke yi. Amma ku saye shi ƙwaya, kar ku karɓi gari. Ƙwayarsa ba ta kama da ta zaƙami ko kusa, gari kuwa duk gari ne. Ku rubuta suna a jikin kowane gwangwani, musamman na tsofaffinku, tun suna da rai suna iya faɗa muku mene ne a ciki. In hancinku ya toshe, ku ba wani ya shinshina. Kuma na gane tsoro ne ya kusa sa ni kashe 'yar'uwata. Da na tsaya minti ɗaya a ɗakin nan, da na duba taskirar da ta buge ni.

Na yarda da likita. Na yi karatun sakandare, na san guba tana sa mutum ya ga abin da babu. Sai dai akwai abu ɗaya. Da muka iso gida Inna ta kwaso kayan da na yi tafiyar da su za ta wanke. Na ga ta tsaya a bakin famfo da hijabina a hannu, ta daɗe. Sannan ta kira ni ta miƙo mini. Murar ta sake ni a lokacin. Na kai hanci.

Nakwa ne, mai ƙarfi, kamar yanzu aka murza. A kafaɗar dama kawai, daidai faɗin tafin hannu.

Na ce wa Inna ai taskirar ce na buga a ɗakin Kaka, wataƙila a nan ya shafe ni. Ta ce haka ne, wataƙila. Ba ta tambaye ni da wace kafaɗa na buge ta ba, ni ma ban faɗa mata da ta hagu ba ce.

Hijabin yana nan a ƙasan akwatina. Ba mu wanke shi ba.